Yadda ake shuka eldaberi ya zama shingen gida da mafakar tsuntsaye a Arewacin Amurka

Yawancin gidajen unguwanni a Amurka da Kanada ba su da katanga irin wadda Bahaushe ya saba da ita, ta yadda duk wanda ya zauna a bayan gidansa da iyalinsa yana kan idon maƙwabta, kuma a garuruwa da yawa doka ba ta yarda shingen katako ya wuce ƙafa 6 ba. Saboda haka mai son sutura a irin wannan gida yakan koma ga shingen itace mai rai. Daga cikin itatuwan da suka dace da wannan aiki, eldaberi na Amurka, wani ƙaramin itace mai ƙananan 'ya'ya wanda masana tsirrai ke kira Sambucus canadensis, yana da fifiko guda biyu: yana girma da sauri, kuma ɗan asalin ƙasar ne, tun daga lardunan Nova Scotia da Manitoba na Kanada a arewa har zuwa Florida da Texas a kudu, don haka tsuntsaye da ƙwarin yankin sun san shi, shi ma ya saba da sanyinsu da cututtukansu. Tsawonsa yakan kai ƙafa 5 zuwa 12. Sai dai itace ne mai yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, kuma yana zubar da ganye a lokacin sanyi, kuma duk wanda bai yi shiri a kan waɗannan halaye biyu tun farko ba zai ga cewa shingen bai biya masa buƙata ba.

Matakin farko shi ne a tabbatar da irin da za a saya. A shagunan sayar da dashe ana yawan tallata eldaberi na Turai, Sambucus nigra, musamman wani mai baƙin ganye da ake kira Black Lace, wanda yake da kyan gani amma ba ɗan ƙasa ba ne. Wanda yake zaune a gabashi ko tsakiyar nahiyar ya nemi canadensis. Wanda yake yammaci, kamar California ko Oregon, ya nemi mai shuɗin 'ya'ya, Sambucus cerulea, wanda ya fi jure fari kuma yakan zama bishiya sosai. Daga cikin zaɓaɓɓun nau'o'in canadensis akwai Adams da York, waɗanda suka fito daga jihar New York, da Nova daga Nova Scotia, sai Wyldewood da Bob Gordon waɗanda masu bincike na jihar Missouri suka fitar a 2010 da 2011. Ya kamata a haɗa aƙalla nau'i biyu a shinge ɗaya, domin idan ƙurar furen wani ta isa ga wani 'ya'yan sun fi yawa. Idan burin mutum namun daji ne kawai, dashen da hukumomin gandun daji na jihohi ke sayarwa da araha ya wadatar, har ma na fi son sa, saboda an tsiro da shi daga iri kuma ba ya nuna a lokaci ɗaya, abin da ke tsawaita wa tsuntsaye kwanakin cin abinci.

Mataki na biyu shi ne zaɓen wuri, kuma a nan ne ya kamata a fi tsayawa a yi tunani. A daji ana samun eldaberi a bakin rafi, da gefen magudanar ruwa, da ƙasa mai kama da fadama, saboda haka lungun filin gida da ruwa ke taruwa bayan an yi ruwan sama, wanda ciyawa ba ta yin kyau a cikinsa, shi ne wurin da ya fi so, muddin ruwan ba ya kwanciya na tsawon makonni. Yana son rana ta sa'o'i 6 ko fiye a yini. Yana rayuwa a inuwa kaɗan, amma a can rassansa sukan yi tsawo su sirance, ganyen ƙasa ya ragu, shingen ya zama ana hango mutum ta cikinsa. Ƙasa mai ɗan tsami, wadda ma'aunin pH ɗinta yake tsakanin 5.5 da 6.5, ita ce ta fi dacewa, kuma ofishin malaman gona na gunduma yana auna ƙasa da kuɗi kaɗan.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne faɗi. Itacen da ya kai shekara 3 yana iya cin fili mai faɗin ƙafa 6 zuwa 10, kuma saiwoyinsa suna tafiya a ƙarƙashin ƙasa su fito da sabon tsiro a nesa da gindin uwar, ba tare da sanin inda iyakar fili take ba. Don haka a ja layin dashe aƙalla ƙafa 5 ko 6 daga iyakar maƙwabci, a bar wata 'yar hanya a bayansa wadda injin yanke ciyawa zai riƙa bi, domin yankan da ake yi a kai a kai shi ne ke tsayar da yaɗuwar. Kada a dasa shi kusa da ramin bayan gida na ƙarƙashin ƙasa, ko inda ake ajiye mota ko shanya tufafi, saboda kashin tsuntsayen da suka ci 'ya'yan yana barin tabo mai ruwan shuni wanda ba ya fita da sauƙi. A Amurka ana kiran lamba 811 kwanaki kaɗan kafin a fara haƙa, sai a zo a yi alamar inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi, kuma ba a biyan ko sisi. Wanda unguwarsa take da ƙungiyar masu gidaje ya duba ƙa'idojinta tukuna.

Kafin a kai ga dasawa, a warware matsalar lokacin sanyi. Daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu a jihohin arewa eldaberi sanduna ne tsirara, ba ya kare kowa daga idon kowa. Idan abin da ake so a rufe wurin zaman shan iska ne na lokacin zafi, to wannan ba damuwa ba ce, tunda ba mai zama a waje cikin dusar ƙanƙara. Amma idan tagar ɗaki ce ake son karewa duk shekara, sai a sa layi na biyu a bayansa na itatuwan ƙasar da ba sa zubar da ganye, irin su Juniperus virginiana ko Thuja occidentalis. Waɗannan suna da jinkirin girma, eldaberi kuwa yana rufe wurin tun shekara ta biyu, saboda haka kowanne yana cike gurbin ɗan'uwansa, tsuntsaye kuma suna samun wurin fakewa daga iskar hunturu.

Mataki na uku shi ne dashen kansa, wanda ake yi a farkon bazara da zarar ƙasa ta saki daga daskarewa. A cire ciyawa gaba ɗaya a tsiri mai faɗin ƙafa 3 ko 4, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen takin gargajiya, sannan a haƙa ramuka masu ninki biyu na faɗin saiwar dashen. Don shinge mai kauri, a bar tazarar ƙafa 4 zuwa 6 tsakanin gindi da gindi. Idan dashen ya zo ba ƙasa a jikin saiwarsa, a jiƙa shi a bokitin ruwa na 'yan sa'o'i, a baza saiwoyin a cikin ramin, a binne shi daidai zurfin da yake a da ko a ƙara inci 1 zuwa 2, a danne ƙasar da tafin hannu, a ba shi ruwa har ya ƙoshi.

Akwai hanya mafi araha ga wanda ya san mai itacen, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake kafa shingen dashi ko na cini-da-zugu a ƙauyukanmu zai gane ta nan take, domin reshe ake yankowa a soka a ƙasa. Tsakanin Janairu da Maris, kafin itacen ya farka, a yanko reshen bara mai kaurin fensir ko ɗan yatsa. Idanun toho na eldaberi suna fitowa biyu-biyu, suna fuskantar juna a kowace gaɓa, don haka a yanka gunduwa mai gaɓa biyu ko uku, a yi yankan ƙasa a karkace, na sama kuma a miƙe, don kada a rikice a dasa shi kai a ƙasa. A soka shi cikin ƙasa mai laushi har gaɓar ƙasa ta nutse, ta saman kawai ta rage a waje. Idanun sama za su yi ganye cikin 'yan makonni, tun kafin saiwa ta kama, kuma wannan ne lokacin da ya fi haɗari, domin idan ƙasar ta bushe ko na kwana biyu ne sai ganyen ya yanƙwane, reshen ya mutu. A soka fiye da adadin da ake buƙata, a cire rarar daga baya.

Kulawar shekarar farko ba ta da yawa amma ba ta son sakaci. Saiwoyin eldaberi a sama-sama suke, saboda haka yana buƙatar ruwa na kimanin inci 1 zuwa 2 a kowane mako, kuma ba a sa masa fartanya a gindi. Da hannu ake cire ciyawa. A lulluɓe ƙasar da ɓawon itace ko busasshen ganye mai kaurin inci 3, ba tare da ya taɓa jikin itacen ba. A tsinke furen da ya fito a wannan shekarar domin ƙarfin ya koma ga saiwa. Inda barewa take da yawa, a kewaye kowane dashe da ragar waya har sai ya fi ƙarfin bakinta.

Daga shekara ta uku sai a fara sassabe, a ƙarshen hunturu. Reshen eldaberi ya fi ba da 'ya'ya a shekararsa ta biyu, bayan ta uku kuma sai ya raunana, ya riƙa karyewa. A sare duk wanda ya wuce shekara 3 daga gindi, da matattu da karyayyu, a bar cakuɗen sababbi da na bara da na bara waccan. Manoman da ke nomansa don sayarwa a Missouri sukan sare shi duka har ƙasa kowace shekara, kuma yana sake fitowa ya yi 'ya'ya, amma mai neman sutura kada ya yi haka, domin zai zauna a fili har tsakiyar lokacin zafi. Kada kuma a ƙone duk abin da aka sare. Cikin reshen yana da totuwa mai laushi kamar ta kara, kuma wasu ƙananan ƙudaje dangin zuma, waɗanda ba sa zama a amya, suna huda ta su saka ƙwai a ciki. Idan aka bar kututturen wasu rassa masu tsawon ƙafa 1 a tsaye, aka tara sauran a lungu, to an ba su gida.

A watan Yuni da Yuli shingen yakan cika da fararen furanni masu faɗi kamar faifai, wasu har inci 10, suna jawo ƙudaje da ƙwaro masu ɗaukar ƙurar fure. Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba 'ya'yan suna nuna, su yi baƙi mai ruwan shuni, nauyinsu ya sunkuyar da reshe, sai tsuntsun da ake kira robin da jan tsuntsun nan kadinal da wasu da dama su sauko a kansu, musamman masu tara ƙarfi don ƙaura zuwa kudu. Wanda ya shuka don namun daji bai kamata ya fesa maganin ƙwari ba, ko da ya ga an ci ganye, domin tsutsotsin da ke cin ganyen su ne abincin da tsuntsaye ke kai wa 'ya'yansu a sheƙa. Ana iya rufe gindi ɗaya ko biyu da raga don amfanin gida, a bar sauran a buɗe. Akwai wani ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace da aka fara gani a California a 2008, wanda ke saka ƙwai a cikin nunannun 'ya'ya, kuma maganinsa a gida shi ne a tsinke da wuri a sa a firji.

Mai ƙananan yara ya riƙe wannan da kyau: ganye da reshe da saiwa da ɗanyun 'ya'yan eldaberi suna ɗauke da sinadarin da ke iya sakin gubar sayanayid a ciki. A watan Agusta na 1983 an kai mutum 8 asibiti a Monterey ta California bayan sun sha ruwan da aka matse daga 'ya'yan da ba a dafa ba, haɗe da ganye da rassa. Nunannu kawai ake ɗiba, a cire duk tsinkayen, a dafa kafin a yi sirop, wato ruwan zaƙi mai kauri, ko jam. Kuma wanda zai yanko reshe daga daji ya yi hattara da wata ciyawa mai kisa da ake kira Cicuta maculata, wadda take fitowa a irin wurare masu danshi da eldaberi ke so, kuma farin furenta yana kama da nasa daga nesa. Ita jikinta kore ne, sau da yawa da zane-zane masu ruwan shuni, kuma mai rami ne, ba ta da ɓawon itace, ganyenta kuma ɗaya bayan ɗaya suke fitowa, shi kuwa eldaberi itace ne mai ɓawo ruwan toka da ɗigo-ɗigo a jiki, ganyensa biyu-biyu suna fuskantar juna. Idan akwai shakka ko kaɗan, a bar na dajin a sayi dashe daga gandun reno.