Kafin ka ce a yi mata fomatin

Kusan duk sati sai wani ya shigo shago da laftof a hammata, ta yi nauyi, ko tana kashe kanta, kuma tun ban buɗe baki ba ya riga ya yanke hukunci, wai a yi mata fomatin kawai. Ni ba injiniya ba ne, taifin da firintin na ɗalibai nake yi, amma na ga abin da ya ishe ni, kuma wallahi rabin abin da ake goge kwamfuta saboda shi ba ruwansa da fomatin.

Ɗauki kashe kan nan. Mutum ya ɗora laftof kan katifa yana kallon fim a watan Afrilu, ɗaki kamar tanda, ramukan da take shaƙar iska suna ta ƙasa katifa ta toshe su, fanka na ta kuka kamar injin markaɗe, can sai ta ɗauke ɗif. Ba bairos ba ne malam, zafi ne, ita ta kashe kanta don kar ta ƙone. Ɗora ta kan tebur, in babu ko tiren abinci ya wadatar. Sannan ƙurar hunturu, wata da aka buɗe a gabana ƙurar ta dunƙule a bakin fankar kamar audugar tsohon filo, ana hurewa ta koma shiru kamar sabuwa. Ko sau ɗaya a shekara a kai wa mai gyara ya hure.

Maganar nauyi kuma, mutane da yawa rufe marfin kawai suke yi, sai ta yi wata guda ba a ba ta hutu ba. Kuma ko Shut down ɗin ma a Windows 10 da 11 ba ya wanke komai, yana ajiye wani abu don ta tashi da sauri, Restart ne ke farawa daga tushe, shi za ka fara gwadawa. In bai yi ba danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito ka ga wa ke cinye maka ƙarfin, ka shiga Startup ka kashe tarkacen da ke tashi tare da ita. Sai masu antibairos biyu ko uku wai don tsaro, su yi ta faɗa da juna kwamfuta na jan ƙafa, alhali Defender da ya zo da ita ya ishi yawancinmu in ana sabunta shi. Idan kuma RAM ɗinka, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi, 4GB ne ga tsohon hadis, wato hard disk mai juyawa da take ajiye fayil a ciki, ko sau goma aka yi fomatin jiya i yau, ƙara RAM ka sa SSD, ma'ajiyar da ta fi hadis sauri, shi ne magana.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na filas. Wata ɗaliba ta zo ido jawur, furojet ɗinta babi biyar, ta soka filas a wani kafe ta dawo komai ya koma shotkot, wani ya ce mata ai ya tafi a goge kawai. Bai tafi ko'ina ba! Wannan bairos ɗin ɓoye fayil yake yi ba cinyewa ba, shi ya sa in ka duba za ka ga filas ɗin har yanzu a cike yake. Kar ka danna shotkot ɗin, dannawar ce ke sa ya kama kwamfutarka. Fara sikanin da antibairos, sannan ka buɗe cmd, wato baƙin allon rubuta umarni na Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* sai dai ka canza E da harafin filas ɗinka. Nata cikin minti biyu suka fito, har tana tambaya ko nawa za ta biya, na ce ki je ki tura wa kanki kwafi ta imel tukuna, Google na ba kowa 15GB kyauta amma sai ka ga aikin shekara guda yana zaune a filas ɗaya tal da ke yawo a aljihu tare da makulli.

Caja ma haka. Baki ya shiga ba yana nufin ta dace ba, juya bayan laftof ko tsohuwar cajar ka karanta, in an rubuta 19.5V nemi mai 19.5V, ƙarfinta kuma kar ya gaza na asalin. Kuma lokacin da za a tada janareta ko aka kawo wuta zare cajar ka ɗan jira ta daidaita, wannan fizgar ta farko ita ke cin caja, wani lokacin har da bod, wato babban allon cikin laftof ɗin. Batir in ya kumbura har ya fara ɗaga kibod ko bayan waya, daina caji, a canza shi, kar ka ce bari wata ya ƙare.

Waya ta faɗa ruwa kuma sai a ruga buhun shinkafa, ko a yi ta kunnawa a ga ko tana aiki, kunnawar ce ke ƙarasa ta. Kashe ta, cire layi da memori, kar ka sa caji, bar ta inda iska ke kaɗawa ko ka kai a buɗe a busar. Apple da kansu sun ce kar a sa a shinkafa.

Sai Gmail ɗin da mai shago ya buɗe maka ranar da ka sayi wayar, kai ko fasuwod ɗin ba ka sani ba. Ranar da aka yi filashin wayar za ta tashi ta ce sai ka sa wancan akawun ɗin kafin ta buɗe, shi kuma mai shagon ya manta ka ma balle abin da ya rubuta. Yau ɗin nan ka shiga ka canza fasuwod ɗin, ka sa lambarka ta dawo da akawun, ka rubuta a takarda ka ajiye inda kake ajiye katin zaɓe.