Neman wayar Lifeline ba tare da adireshinki ya koma kunnen wanda kika gudar wa ba: kurakuran da aka fi yi

Matar da ta bar gidan da ake dukanta a Amurka, bayan wurin kwana babu abin da take bukata da gaggawa kamar layin waya nata na kanta. Da shi za ta kira lauya, da makarantar yara, da wurin aiki. Layin da mijin ke biya ba zai yi ba, domin mai riƙe da asusu yana iya ganin lambobin da aka kira. Shi ya sa da yawa ke neman Lifeline, shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1985 don rage wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin waya. Hukumar sadarwa ta FCC ce ke da shi, kamfanin USAC ke gudanar da shi, rangwamen kuma yana kaiwa dala 9.25 a wata. Sai dai takardar neman tana tambayar adireshi, kuma a nan ake yin ɓarna. Zan yi magana da "ki" domin mata ne suka fi shiga wannan hali, amma doka ba ta ware maza ba.

Kuskuren farko shi ne cike takardar kafin a yi magana da kowa. Wakilan kamfanonin waya kan kafa teburi a bakin ofishin tallafin abinci ko gefen tashar jirgin ƙasa, suna kiran mutane su zo su karɓi waya kyauta. Wakilin zai ɗauki hoton katinki, ya tambaye ki inda kike kwana, ya shigar cikin minti kaɗan. Ba mugu ba ne, amma aikinsa shi ne yawan rajista, ba tsaronki ba, kuma da zarar adireshin ya shiga rumbun kamfani, cire shi ya fi shigar da shi wuya. Gyaran mai sauƙi ne: ki fara da ma'aikaciyar da ke taimaka wa waɗanda aka ci zarafinsu, ko a gidan mafaka ko ta layin ƙasa na 1-800-799-7233, wanda ke aiki dare da rana kuma yana haɗa mutum da tafinta. Ki kira da wayar da mijin bai taɓa riƙewa ba. Ita za ta gaya miki abin da jiharku ta tanada, domin nan jihohi sun bambanta ƙwarai.

Na biyu, mutane da yawa ba su san cewa akwai ƙofa ta musamman dominsu ba, sai su bi ta kowa da kowa. A Disamban 2022 aka sa hannu a dokar Safe Connections Act, FCC kuma ta fitar da ƙa'idojinta a Nuwamban 2023. Dokar ta ba ki damar raba layinki, da na yaran da ke hannunki, daga asusun wanda ya ci zarafinki. Kamfani ba zai caje ki kuɗin karya yarjejeniya ba, ba zai ce sai mai asusu ya yarda ba, kuma yana da kwana biyu na aiki ya kammala bayan kin miƙa cikakkiyar buƙata. Shaidar da ake karɓa ba sai rahoton 'yan sanda ba. Takardar kariya daga kotu ta isa, haka ma rantsuwar likita, ko ta ma'aikacin jin daɗin jama'a mai lasisi, ko ta ma'aikaciyar cibiyar taimakon waɗanda aka zalunta. Wannan yana da muhimmanci ga matan da ke tsoron zuwa ofishin 'yan sanda.

Da shaidar cewa kin nemi raba layin, kina iya samun tallafin Lifeline na gaggawa har wata 6, kuma sharaɗin ya fi sauƙi. Lifeline na yau da kullum yana neman kuɗin shigan gida kada ya wuce kashi 135 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya, ko kuma mutum ya kasance yana cikin Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati), SNAP (tallafin abinci), SSI (tallafin kuɗi ga tsofaffi da naƙasassu) da makamantansu. Ta wannan ƙofar kuwa an ɗaga shi zuwa kashi 200, kuma WIC (tallafin abinci ga mata masu ciki ko jego da ƙananan yara), da abincin makaranta na kyauta ko na rangwame, da tallafin karatu na Pell duk suna shiga. Abin da ake yawan yi a nan shi ne goge saƙon da kamfani ya turo bayan an nemi raba layin, don tsoron kada ya gani. Tsoron yana da dalili, amma saƙon shi ne shaidarki. Ki tura shi zuwa sabon imel da ke kaɗai kika san kalmar sirrinsa, ko ki ba ma'aikaciyar ta ajiye, sannan ki goge. Kuma ki tambayi kamfanin ranar da zai sanar da mai asusu cewa layi ya fita. Dole ne su gaya miki. Kada wannan rana ta same ki a inda zai iya isa gare ki.

Adireshi uku ne, ba ɗaya ba

A nan ne aka fi faɗawa, don haka zan daɗe a kai. Mutum yana ganin tambaya ɗaya ce, "ina kike zaune?", alhali uku ne. Akwai adireshin gida, wanda USAC ke amfani da shi wajen tabbatar da cewa gida ɗaya bai karɓi tallafi biyu ba. Akwai adireshin da ake aika wasiƙa. Sannan akwai inda kamfani zai aika wayar ko katin layi. Takardar ta ware gurbin gida da gurbin wasiƙa daban. A gurbin gida ba a karɓar akwatin gidan waya, amma a na wasiƙa ana karɓa. Wadda ta bar gurbi na biyu babu komai, ta ce a aika mata komai zuwa na farko ke nan.

Ƙa'idojin sun ba wadda ta shigo ta ƙofar gaggawa damar rubuta adireshin da ta zauna a cikin wata 6 da suka wuce, ba lallai inda take yanzu ba. Wannan sassauci ne mai kyau, domin sabon wurin bai shiga ko'ina ba. Amma ki duba abin da zai iya biyo baya. Kin rubuta tsohon gidan, inda shi yake har yanzu, kin manta gurbin wasiƙa. Bayan 'yan kwanaki ambulan ya iso da sunanki. Ya buɗe, ya ga sunan shirin, watakila ma da sunan kamfanin da kika koma. Bai san inda kike ba tukuna, amma ya san kin yi sabon layi, ya san wurin da zai fara bincike. An gudu ba a tsira ba. Don haka in za ki rubuta tsohon adireshi, ki cika gurbin wasiƙa da wuri mai aminci, kuma da aka tambaye ki hanyar da kike so a riƙa tuntuɓarki, ki zaɓi wadda ba ta bi ta hannunsa.

Wani abu kuma: in shi ma yana karɓar Lifeline a wancan gida, na'ura za ta nuna cewa adireshin yana da mai tallafi. Wasu da sun ga haka sai su karaya su bari. Ba ƙin ki aka yi ba. "Gida" a wannan shiri yana nufin mutanen da ke zaune tare kuma suna haɗa kuɗin shiga da na kashewa. Akwai 'yar takardar da ake cikewa a nuna cewa aljihu daban-daban ne. Da ita ce mutane da yawa a gidan mafaka ɗaya kowa ke samun nasa layin. Sai dai kada ki rubuta adireshin gidan mafaka ba tare da kin tambayi masu gidan ba. Da yawa cikinsu a ɓoye suke, kuma ba ke kaɗai ke kwana a ciki ba. Suna da adireshin da suke ba mazauna su yi amfani da shi.

Yawancin jihohi suna da shirin ɓoye adireshi, inda gwamnati ke ba ki adireshin madadi, wasiƙunki su je can, su kuma su tura miki inda kike. Jihar Washington ce ta fara a 1991. A Kalifoniya da Minnesota sunansa Safe at Home, ofishin sakataren jiha ke riƙe da shi. A New York ma'aikatar harkokin jiha ce, a North Carolina kuma ofishin babban lauyan jiha. Kurakurai biyu ake yi da shi. Ɗaya, a ɗauka yana goge abin da ya riga ya shiga takardu. Ba ya yi. Amfaninsa yana ga sabon wurin da ba a rubuta ko'ina ba tukuna, shi ya sa ake so ki shiga shirin da zarar kin koma, kafin wutar lantarki, kafin makaranta, kafin waya. Biyu, a ba kamfani adireshin madadin a ce ya aiko da wayar can. Waɗannan ofisoshi wasiƙa suke turawa, galibi ba sa tura ƙunshin kaya. Sai wayar ta koma wa kamfani, ke kina jira, har ki gaji ki kira su ki ba da adireshin gaskiya don a huta. A ganina wannan gajiyar ce ta fi tona asirin mutane fiye da kowace na'ura. Mafita tana nan tun farko: ki nemi kamfanin da za ki iya karɓar wayar a shagonsa, ko ki tambayi ofishin ma'aikaciyar ko za su karɓa miki, ko in kina da wayar da bai taɓa riƙewa ba ki karɓi layi kawai.

Ki tuna kuma wurare biyu ne ke riƙe da bayananki. USAC ce ke tantance ki, amma kamfani ne ke ba ki layi, kuma zai sake tambayar adireshi da kansa. Abin da kika kiyaye a wuri na farko kina iya zubar da shi a na biyu. A Texas da Oregon jihar ce ke da nata tsarin neman Lifeline na yau da kullum, don haka ki tambayi yadda suke yi da adireshin madadi kafin ki rubuta komai. Cibiyar taimakon Lifeline tana amsa waya a 1-800-234-9473.

Wanda ya cike miki takardar

Wannan ya shafi mutanenmu kai tsaye. A Bronx ko Harlem da ke New York, ko Greensboro da ke North Carolina, masu jin Hausa ba su da yawan da za a ɓace a cikinsu. Masallaci ɗaya ne ko biyu, shagon kayan miya ɗaya, zauren WhatsApp ɗaya na 'yan gari. Wadda Turancinta bai yi ƙarfi ba takan nemi wani ɗan uwa ya karanta mata takarda ko ya yi mata tafinta, kuma ta haka adireshin ke fita. Sau da yawa ba da mugun nufi ba. Wani dattijo ne zai ce, "'Yata, ki yi haƙuri, bari mu zauna a sasanta," ya nemi inda take don ya kai mata mijin a ba ta haƙuri. Niyyarsa alheri ce, amma bai ga abin da ta gani ba. In akwai sulhun da za a yi, ba sai an san ƙofar ɗakinki ba. Ki nemi tafinta ta hannun cibiyar taimakon waɗanda aka zalunta, in ma aka haɗa ki da shi ta waya kina iya cewa kada a faɗi cikakken sunanki. Iyaye a gida ma, a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ki ba su lambar da za su same ki, ki riƙe sunan titi. Uwa ba za ta sayar da ke ba, amma surukai za su je gaishe ta.

Ita kanta wayar tana iya faɗin abin da takarda ta ɓoye. Sabon layi a tsohuwar waya, ko sabuwar waya da tsohon asusun Google ko Apple, duk ɗaya ne in ya san kalmar sirri ko kuna cikin rukunin iyali ɗaya: zai ga inda wayar take a taswira. Ki buɗe sabon asusu, ki duba na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinki ki cire wanda ba ki sani ba, ki duba kwamfutar hannun yara. Dokar ta sa kamfanoni su ɓoye kiran layukan agaji daga bayanan da mai asusu ke gani, amma kiran yana nan a cikin wayar kanta sai kin goge.

Akwai kuskure ta ɗaya ɓangaren, na ɓoyewa fiye da kima. In kin kunna kira ta Wi-Fi, wayar za ta nemi adireshin gaggawa na 911. Wadda ta sa tsohon gida ko adireshin madadi a nan, ranar da ta kira neman ceto ana iya tura mota wani wuri daban. Ki tattauna wannan da ma'aikaciyar, kuma duk lokacin da kika kira 911 abin da za ki fara faɗa shi ne inda kike.

Gidan waya ma yana da nasa. In kin cike takardar sauya adireshi, ana aika wasiƙar tabbatarwa zuwa tsohon gidan. Ba ta ɗauke da sabon adireshin, amma ta sanar da shi cewa kin tashi da gaske, kuma sauyin dindindin yana isa ga kamfanonin da ke da tsohon adireshinki. In kina da takardar kariya daga kotu, ki nuna ta a gidan wayar kafin ki cike.

Bayan an sami layin, abin da ya rage kula ne. Ana so ki sanar da kamfani sauyin adireshi cikin kwana 30, kuma kowane sauyi dama ce ta maimaita kuskuren adireshi, don haka ki sake duba gurbin wasiƙa duk lokacin. In layin na kyauta ne, ki yi amfani da shi aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba za a ba ki gargaɗin kwana 15 sannan a yanke. Kafin wata 6 ɗin su cika ki bincika ko kin cancanci Lifeline na yau da kullum, ki nema da wuri. Shi kuma ana sabunta shi duk shekara, kuma in na'ura ba ta iya tabbatar da cancantarki da kanta ba, takardar sabuntawar za ta tafi ne adireshin wasiƙar da ke rubuce a sunanki a ranar.