Mota na fizga in an tashi daga tsayuwa? Ga inda za a duba

'Yan uwa direbobi, in mota ta tsaya a silo, wato inji na aiki ba ta tafiya, ka taka totur ta riƙa shaƙewa ko fizga kafin ta miƙe, kada ka yi saurin sauke inji. Fara da filtar iska. Ƙurar hanyoyinmu, musamman lokacin hazo, kan toshe ta cikin 'yan makonni. Ɗaga ta ka kalli rana. In haske bai ratsa ba, canza ta.

Sai fulogi. Kwance su duka. Baƙi mai toka na nufin fetur ya yi yawa, mai jiƙe da baƙin mai kuwa matsalar ringin fistin ce ko bawul ɗin inji. Fulogin gama-gari kan gaji wajen kilomita 30,000. Bayan ka mayar da su, inji na aiki, zare soket ɗin kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka zare ƙarar inji ba ta canza ba, nan matsalar take.

Wanda ke shan man bumburutu ya tsiyayi kaɗan a kwalba, ya bari ya kwanta. Ruwa zai zauna a ƙasa. In akwai, a wanke tanki, a canza filtar mai, a wanke nozul, wato abin da ke fesa wa inji mai.

Bakin totur, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga inji, shi ma kan tara datti. A fesa masa maganin wanke kafireta, a goge da tsumma, amma kada a taɓa sensar iska, wato na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji, da hannu.