Tsohon bayis mai lilo ba da guduma ake gyaransa ba

Sau biyu a watan nan ana kawo min bayis gareji, wato ƙarfen nan da ake ɗaurawa a tebur ya matse abin da ake aiki a kansa, kuma duka biyun ba tsufa ne ya kashe su ba, hannun mai gyara ne. Yaro zai je Ƙofar Ruwa ko Panteka ya yi sa'ar tsohon bayis na kamfanin Record, irin shuɗin nan ƙirar Sheffield ta Ingila, ya ga bakinsa yana lilo, sai ya hau shi da duka tun bai san daga ina lilon yake ba.

Wuri uku kuwa yake fitowa. Kama bakin da hannu ka girgiza. In haƙoran nan biyu masu zane ne kaɗai ke motsi, ƙusoshinsu ne suka kwance. In kana murza hannu har rabin zagaye baki bai motsa ba, leƙa ƙarƙashi, bayan bakin da ke tafiya: akwai sifirin da washa da ɗan fin a jikin sandar murzawa, ko sifirin ya mutu ko fin ya karye. In kuma bakin gaba ɗaya ne ke ɗagawa sama ko karkacewa, hanyar da yake zamewa a kai ce ta cinye. Kowanne da maganinsa.

Kuskuren da har yau nake jin zafinsa shi ne zura faif a hannun bayis. Na mahaifina ne, lamba 3, mai baki inci 4, ya fi shekara talatin a kan teburinsa. Ina saurayi, na ga ba ya riƙe abu da kyau, maimakon in duba dalili sai na ɗauko faif mai tsawon kamu biyu na zura, na danna da dukan ƙarfina. Ƙas! Ƙara ɗaya na ji, wuyan bakin ya tsage. Baba bai yi min faɗa ba, ya dai shafa wurin da yatsa ya daɗe yana kallo, wannan shirun ya fi min bulala ciwo. Gangar bayis ƙarfen zubi ce, ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi. Gajartar hannun nan da kuke raina wa da gangan aka yi ta: ƙarfin damtsenka shi ne iyakar abin da aka ƙera shi ya ɗauka.

Sai na ƙara ɓarna a kan ɓarna, na kai wa mai walda ya ɗora masa wayar walda ta yau da kullum. Kafin ya gama hucewa sabon tsagi ya fito a gefen ɗinkin. Haba jama'a, ƙarfen zubi ba ƙofar gida ba ne! In ya zama dole, sai a fara gasa shi a wuta, a yi da wayar nikel ko a liƙe da tagulla, a binne shi cikin yashi ko toka ya huce a hankali ya kwana. Ko hakan ma ni ba na sake yarda da shi a aiki mai nauyi.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗora injin gurza a kan hanyar zamewa wai ana cire tsatsa. Kai da ke kukan lilo, kuma kana rage ƙarfe? Abin da ka gurje ba ya dawowa. Ni kananzir nake jiƙa shi kwana biyu, in bi da burushin waya, shi ke nan. In gibi ya yi yawa, sai in yanko siririn fallen tagulla in shimfiɗa a ƙarƙashi, in naɗe bakinsa don kada ya zame, ina gwadawa har ya riƙa tafiya ba cijewa. Kada ka nemi kashe lilon ƙurmus, ɗan kaɗan dole ne, in ba haka ba zai ƙi buɗewa.

Ƙusoshin haƙora na tsofaffin nan zaren inci ne irin na Ingila, kada ka cusa na milimita da ƙarfi, ramin za ka lalata. Kafin ka zare sifirin da washa ɗauki hotonsu a waya, da yawa kan juya su wurin mayarwa. Fenti ba ya hawa hanyar zamewa. Giris a sandar murzawa kaɗai nake sawa, a hanya kuwa ɗigon baƙin mai, don giris yana tara garin ƙarfe da ƙurar hunturu ya zama kamar samfefa.

Wurin ɗaurawa a tebur kuma, cika duk ramukan da noti da washa, ka bar bakin baya ya ɗan zarce gefen tebur yadda dogon ƙarfe zai sauka tsaye bai taɓa katako ba.