Kafin Ka Buɗe Shago A Kwatano Daga Legas

Ɗan'uwa, sannu da zuwa Ikko. Ba za ka yi wata uku a Agege ko Mile 12 ba sai wani ya ja ka gefe ya ce maka kasuwa tana Kwatano. Bai yi ƙarya ba. Tafiyar kamar kilomita 120 ce ta Badagry, kuma idan ka sauka a unguwar Zongo za ka ji Hausa kamar kana gida. Wannan sauƙin ne yake ruɗar mutanenmu, su manta cewa da sun tsallaka iyakar Seme sun shiga wata ƙasa mai dokarta da harshenta da kuɗinta.

Rajistar da ka yi da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, a bakin iyaka take tsayawa. Jamhuriyar Benin tana bin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashe 17 suke amfani da ita, kuma komai da Faransanci ake rubutawa. Kana buƙatar lambar rajistar kasuwanci, RCCM, da lambar biyan haraji, IFU. Hukumar APIEx ce ke kula da buɗe kamfani, ana ma iya yi ta intanet. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka damar shiga ba biza ka zauna kwana 90, amma ba ta ɗauke maka rajista ko haraji ba.

A nan nake roƙon ka tsaya ka saurare ni. Kada ka yi rajista da sunan mai masaukinka, ko da kun haɗa jini. Wani abokin cinikina mai sayar da atamfa ya yi haka don gudun zirga-zirgar ofis. Mai masaukin mutumin kirki ne, shekara shida bai taɓa cin kwabonsa ba. Allah ya yi masa rasuwa, magada suka zo da takardu, sunan mahaifinsu ne a kan shago, a kan asusun banki, har a kan rasit ɗin haya. Na ga bawan Allahn nan zaune a kan benci gaban shagonsa, makulli a hannunsa, an riga an sauya kwaɗo. Dattawan Zongo sun yi iya ƙoƙarinsu, abin da ya dawo masa bai kai rabi ba. Ko a addini an umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu. Idan haɗin gwiwa za ku yi, ku buɗe kamfani irin wanda suke kira SARL, wato kamfani mai iyakantaccen alhaki, a rubuta kason kowa, kuma ka nemi tafintanka na kanka, ban da wanda abokin hulɗarka ya kawo, ya karanta maka layi-layi kafin ka sa hannu.

Sai lissafi. Harajin sayen kaya a Najeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari tun 2020, a Benin kuwa, inda suke kiransa TVA, kashi 18 ne. Wanda ya yanka farashi da lissafin Legas zai ga riba ta zurare bai san ta ina ba. Sefa kuma a ɗaure take da Yuro, sefa 655.957 a Yuro ɗaya, naira kuwa kullum da yadda take wayar gari. Ka ware littafin kowane shago daban. Idan kamfaninka na Najeriya ne ke da reshen, ribar can ma tana shiga lissafin harajinsa na gida, don haka ka samu akanta da ya san ɓangarorin biyu. Yaran shago da ka ɗauka a can, doka ta ce a yi musu rajista da CNSS, asusun fansho da walwalar ma'aikata na Benin.

Maganar kwastan ita ce inda ƴan kamasho suka fi yi wa baƙo daɗin baki. Tsarin sauƙaƙa ciniki na ECOWAS, wato ETLS, yana yafe kuɗin fito, amma ga kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin, kuma kayan masana'anta sai an amince da su an ba su takardar shaidar asali. Shinkafar Tailan da aka sauke a tashar jirgin ruwan Kwatano ba ta zama ƴar Benin ba, shigo da ita Najeriya ta iyakar ƙasa fasa-ƙwauri ne. Haka motoci, tun Janairun 2017 aka hana shigo da su ta iyakar ƙasa. Idan kai ne mai fitar da kaya, ka yi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Najeriya, ka cika fom ɗin fitar da kaya, NXP, a bankinka.

Kada kuma ka jibge duk jarinka a gefe guda. A watan Agustan 2019 aka rufe iyaka, ba a buɗe Seme ba sai Disambar 2020, kuma wasu da na sani har yau suna biyan bashin kayan da suka lalace a cikin tirela. Ranar tafiyarka ta farko ka riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Idan da motarka za ka, ka yanki inshorar ECOWAS tun daga Legas, kuma tsabar kuɗin da ta haura dala 10,000 ka bayyana ta ga kwastan a rubuce.