Babi Na Shida: Dabbobin Gida Da Na Unguwa Idan Sanyi Ya Ƙarato

Darasi na 1: Wurin kwana

Karanta a hankali. In kalma ta yi maka wuya, tsaya ka sake ta. Ba tsere muke yi ba.

Jikin kare da na kyanwa ya ɗan fi namu zafi. Nasu digiri 38 zuwa 39 ne, namu 37. Digiri shi ne abin da ake auna zafi da shi. Gashinsu yana tare musu sanyi, amma sai in a bushe yake. Da zarar ya jiƙe, amfaninsa ya ƙare.

Nemi akwati ko ka haɗa ɗan ɗaki na katako. Kada ya yi girma. Ya zama daidai yadda dabba za ta shiga, ta juya, ta kwanta, don ɗumin jikinta ne zai ɗumama shi. Ƙofar ta zama ƙarama, ta ba iska baya. Sa bulo ko guntun katako a ƙarƙashinsa ya tashi daga ƙasa kamar tsawon tafin hannu, domin ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki.

Yanzu ga wurin da kusan kowa yake tuntuɓe: shimfiɗa. Zuba busasshen bambaro. In ɗakin a waje yake, kada ka sa bargo, kada ka sa tsumma. Yadi yana shan laima ya riƙe, dabba ta kwana a kan jiƙaƙƙen abu har gari ya waye.

Kowace safiya ka zura hannu cikin ɗakin. Danna shimfiɗar har ƙasa. Ka ji laima? Kwashe, zuba sabuwa. Ba ka ji ba? Madalla, sai gobe. Ban ce ka leƙa ba. Ido ba ya ganin laima, sama takan bushe alhali ƙasa jagab take. Hannu za ka sa.

Mu maimaita tare: zura hannu, danna, ji. Sake faɗa. To, haka nake so.

Wata ɗaliba a ajinmu ta taɓa shimfiɗa wa 'ya'yan kyanwa tsohon bargonta mai kyau, da zuciya ɗaya. Kwana uku ba ta taɓa shi ba. Ranar da ta ɗaga shi, a jiƙe yake, ƙaramin cikinsu ya sandare. Jariran dabbobi ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu a makonnin farko. Su da tsofaffi da ramammu da marasa lafiya, a shigo da su cikin gida.

Darasi na 2: Abinci da ruwa

Dabbar da take kwana a waje tana ƙona abinci da yawa don ta ɗumama jikinta. Ƙara mata kaɗan. Inda ruwa yake daskarewa, sa shi a kwanon roba, don harshe yana iya mannewa a jikin daskararren ƙarfe. Ajiye kwanon a wajen ɗakin. In ya zube a ciki, me zai jiƙe? Shimfiɗa. Ka zura hannu yau? Na san wasunku ba su yi ba. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Aikin da bai kai minti ɗaya ba.

Darasi na 3: Mota

Kyanwoyin unguwa suna shigewa wajen injin mota saboda ɗumi. Kafin ka tayar da mota, bubbuga murfin injin, ka ɗan jira. Ruwan sanyaya inji, wanda ake sa wa maganin hana daskarewa, yana da zaƙi a bakin dabba, kuma guba ne mai lalata ƙoda. In ya zube, goge nan take.

Darasi na 4: Wuta

Kada ka bar garwashi a rufaffen ɗaki tare da dabba. Iskarsa tana kisa, ba ta da wari.

Darasi na 5: Alamun sanyi ya kama dabba

Makyarkyata, kasala, kunnuwa sun yi sanyi. Goge ta ta bushe, naɗe ta da busasshen zane, kai ta wurin likitan dabbobi.