Kafin ku biya kuɗin ɗaki a otal a Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu shirin zuwa Zariya kallon hawan sallah ko bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), ga 'yar shawara.

Kada ku dogara da hotunan Facebook. Ku ce a kai ku ainihin ɗakin da za ku kwana kafin ku biya. Da shigarku, ku wuce banɗaki ku buɗe famfo. Zariya na fama da ƙarancin ruwa, masaukai da yawa rijiyar burtsatse suke amfani da ita, ita kuma sai da wuta ake tura ruwanta tanki. Bara na sauka a wani otal a Sabon Gari da iyalina, da asuba na tashi zan yi alwala, famfo ko ɗigo babu. Sai da na sauko ƙasa da bokiti, maiɗakina na jira da yara. Abin ya ɓata min rai ƙwarai.

Ku tambayi ƙarfe nawa ake tayar da janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kaɗai. A zafin Afrilu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Cikin hunturun Disamba da Janairu kuwa, ruwan zafi da bargo za ku nema.

Ku ɗaga zanin gado ku duba ɗinkin katifa. Baƙin ɗigo-ɗigo alamar kuɗin cizo ne, ku nemi wani ɗakin.

In harkarku a Samaru take ko asibitin Shika, ku kama ɗaki a can kusa, kada zirga-zirga ta cinye muku yini.